Tashar Kakana da Jirgi Bai Taɓa Tsayawa Ba

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda in ba tuna mini aka yi ba sun tafi ke nan. Amma ranar da aka taru a ƙofar gidanmu na Kalgo don a yanke wa tashar kakana hukunci ba ta cikinsu. Wannan kam ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ina jin ita za ta rage mini a kai.

Na san wanda ya san ƙasarmu zai ce, tashar jirgin ƙasa kuma a Kalgo? Yana da gaskiya. Layin dogo bai taɓa ratsa garinmu ba, bai je Gwandu ba, ko kusa da mu bai zo ba. Yawancin tsofaffinmu har suka koma ga Allah ba su taɓa jin kukan jirgi ba. Duk da haka in ka sauka Kalgo a wancan lokacin ka ce wa mai babur ya kai ka tasha, sai ya tambaye ka, ta mota ko ta tsoho? In ka ce ta tsoho, ƙofar gidanmu zai ajiye ka.

Asalin abin shi ne, kakana na wajen uba ya tafi cin rani yana saurayi, ya nausa gabas, har ya yada zango a wata 'yar ƙaramar tasha tsakanin Funtuwa da Gusau. Ya fara da dakon buhunan gyaɗa da auduga, domin dama saboda su Turawa suka ja layin zuwa can. Da aka ga ba ya wasa da aiki sai aka ɗauke shi, ya zama mai riƙe tuta, shi ne kuma mai juya wa jirgi layi. Rani ɗaya ya tafi yi, ya ƙarar da ƙuruciyarsa duka a wurin. Iyalinsa suna gida Kalgo, shi yana can, sai in ya sami hutu a gan shi. Saboda haka cikin 'ya'yansa babu wanda ya taɓa taka wurin da ubansu ya ci abincin da ya rene su.

Da ya ga ajiye aiki ya matso, sai ya zo hutu ya wuce Gwandu wurin taubashinsa, wanda magini ne na ji da gani. Mu jikoki Kakan Gwandu muke ce masa. Suka zauna a zaurensa, Kaka ya kwatanta masa tashar da baki tun daga tushe har rufi, ya ce irinta yake so a ƙofar gida. Ya koma bakin aikinsa. Kakan Gwandu kuwa, mutumin da bai taɓa wuce Jega ba, ya ɗebo yaransa da kayan aiki ya zo Kalgo ya gina tashar jirgin ƙasa da tubalin ƙasa. Kaka ya dawo gida ya tarar da ita a tsaye.

Ginin dai ga yadda yake, in kana tsaye a kan hanya kana kallonsa. Dandamali ne dogo, tsayinsa ya kai gwiwa, an shafe bakinsa da farar ƙasa. A kansa rumfar kwano ce mai faɗi bisa ginshiƙan giginya. Daga hagu ɗakin jira ne, ba shi da ƙyaure, an zagaye cikinsa da dakali. Daga dama kuma ɗakin da Kaka yake kira ofis, mai 'yar taga ƙarama da sandunan ƙarfe, wai ta sayar da tikiti. A ƙarshen dandamalin ta dama an ɗora randa a kan ƙafafu a madadin tankin ruwa, an kuma rataye wani tsohon ƙarfen ƙafar mota a matsayin ƙararrawa. Tsakanin bango da rufi an bar ƙofofin iska, shi ya sa ko a tsakiyar bazara wurin da sanyi. Mutanen unguwa suna yi wa ginin dariya, amma da rana ta take a nan za ka same su a baje.

Tsokana kuwa ba a magana. Mai wucewa da jaki zai ɗaga murya ya ce, "Tsoho, yau ma ya makara?" Kakan Gwandu in ya zo cin kasuwa ba ya sallama, tagar nan yake zuwa ya ƙwanƙwasa ya ce a ba shi tikitin Ikko, wato Legas, na zaman manya. Ni ce shugabar masu tsokanar a cikin gida, domin ni ce babbar jika mace, wato uwargidansa ta wasa. Da na fito da safe sai in ce, "Angona, jirgin ƙarfe nawa yau?" Shi kuma ya ce, "Ɗaura kayanki uwargida, shina bisa hanya."

Ga shi da labari. Ko da zancen tsadar gero aka fara, ko na ruwan da ya ci fadama, kafin a tashi sai an sauka a tashar nan. Yadda ake jin jirgi a ƙafa kafin a ji shi a kunne. Yadda mata suke rugowa da dafaffen ƙwai da rake. Yadda ya taɓa tsayar da jirgi saboda saniyar wani Bafulatani ta kwanta a kan layi ta ƙi tashi. Mun haddace su kaf. Da ya fara sai mu riga shi ƙarasawa, mu kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ja bakinsa ya yi shiru. A lokacin mun ɗauka wasan yana yi masa daɗi kamar yadda yake yi mana.

Shekaru suka tafi, na yi aure, aiki ya kai maigidana Gusau muka tare can. Kalgo kuma ta buɗe, baƙi suka yawaita, duk mai gida a bakin hanya ya fasa katangarsa ya fitar da shaguna. Sai na zo gida wani suna, na tarar da magana ta taso. Baffana, yayan mahaifina, wanda shi ke riƙe da gidan, yana so a rushe tasha a yi shaguna. Ba mugun mutum ba ne, nauyi ne ya yi masa yawa, ga marayu ga 'yan makaranta. Da la'asar ranar sunan, bayan baƙi sun ragu, ya sami Kaka a kan dandamali tare da Kakan Gwandu. Ni kuma na kawo musu fura, da na ji inda zancen ya dosa sai na ƙi tafiya, na tsaya ina ta goge ludayin da ba abin da ya same shi.

Baffa ya ce, "Baba, ka diba garin ga. Kowa ya mai da garkar gidanshi abin samu, mu muna nan da dandamali awaki na kwana bisa."

Kaka ya ce, "Ba dandamali na ba. Tasha ta."

"Wace tasha, Baba? Wa yat taɓa ganin ta ainihin, balle a ce sun yi kama? Wanda yag gina ta ma bai taɓa ganin jirgi ba ko cikin mafarki."

Kakan Gwandu ya dire ƙwaryar fura. "Kai yaro, kama bakinka. Ban ga jirgi ba, amma abin da anka hwaɗa mani shi na aza, ban rage ba ban ƙara ba. Baturen da yag gina waccan in ya zaka nan sai ya cire mani hula."

Ban taɓa ganin Kaka ya yi saurin magana kamar ranar ba. Baffa bai ko buɗe baki ba Kaka ya tare shi. "To a tahi a gano. In an iske waccan ta bambanta da wagga, ka kawo diga ka rushe, ban cewa komi. In ko an iske su ɗaya, kada in koma jin zancen shago. Ga shaida nan zaune." Ya nuna Kakan Gwandu. Sannan ya ƙara da cewa, a hankali, yana kallon ƙasa, "Mota guda ai ta ɗauke mu dut."

Baffa ya yi dariya. "Da wagga ƙahwa taka, Baba? Ga hanya ba daɗi. Ai zamani ya kawo sauƙi. Ga ɗiyarmu nan Gusau take, ta tahi ta ɗauko muna hoto ga waya, a gama."

Kowa ya ce wannan shawara ta yi. Ni har da tafi, ina cewa angona ya kwantar da hankalinsa, uwargida za ta ceci gidanta. Kaka ya ce to. Furar ma bai shanye ba.

Wata Asabar ni da maigidana muka kama hanya daga Gusau. Mun sha tambaya kafin mu gane wurin, domin samarin da muka fara tarewa a bakin titi ba su ma san akwai tasha a ƙauyensu ba. Sai da muka sami wani mai faci ya nuna mana wata 'yar hanya ta cikin gonaki. Muka bi har muka hango wasu manyan itatuwan mangwaro, a ƙarƙashinsu ga ta nan.

Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarta. Wurin da na taso ina ji kamar wani birni, ashe ɗaki biyu ne da baranda, ta Kalgo ma ta ɗan fi ta tsawo. Amma gini ne na gaske. Bangon na dutse ne da aka sassaƙa aka jera, kaurinsa ya kai kamu biyu, ko tsaga babu. Ginshiƙan barandar tsofaffin ƙarafan layi ne aka lanƙwasa kawunansu suka tallafi rufi. Kwanon ya yi tsatsa, iska ta yaye gefe guda. Ga ƙofofin iska a ƙarƙashin rufi, ga dakali zagaye da ɗakin jira, ga wani ƙaton sikeli da ya nutse a daɓe. Tankin ruwa yana nan a kan dogayen ƙafafunsa, tsuntsaye sun yi gida a ciki. Layin kuwa ciyawa ta rufe shi, sai ka sa ƙafa ka share kafin ka ga ƙarfe. Mata sun shanya barkono da kuɓewa a kan dandamali, awaki suna kwance a ofis. Na ce wa maigidana ko ba komai a wajen awaki an yi kunnen doki.

Wata tsohuwa da ke gadin shanyar ta ce mana a da nan ne kasuwar garin, da jirgi ya rage zuwa sai kasuwa ta bi kwalta, mutane suka bi kasuwa. Na tambaye ta ko ta san wani mutumin Kabi da ya yi aiki a nan. Ta ɗan yi tunani, sai ta fashe da dariya ta ce, "Dogon nan mai tuta? Ai mun sha gudu! Muna yara in muka hau layi da tallan gyaɗa, shi ke koro mu, yana yi mana faɗa da wata irin Hausa da ba ma ganewa." Na ji daɗi har cikin raina, na matsu in koma in ba Kaka labari.

Sai na sauka na tsallaka layin, na juyo don in ɗauki ginin gaba ɗaya. A nan na ga matsala. Tagar tikiti tana hagu. Ɗakin jira yana dama. Tankin ruwa yana ƙarshen hagu. Duk abin da ke tashar Kalgo yana nan, babu wanda ya ɓace, amma kowanne ya koma ɗaya gefen. Na sauke wayar na sake dubawa da idona ko na ruɗe ne. Ban ruɗe ba. Bambanci dai ga shi ƙiri-ƙiri, irin wanda ko yaro zai gani, kuma ni da na yi alkawarin ceton gida ni ce zan kai wa Baffa digar da hannuna.

Maigidana ya karɓi wayar ya duba, ya yi ɗan murmushi, ya latsa wani wuri. Nan take hoton ya juya, taga ta koma dama, tanki ya bi ta. Ya ce, "Ga tashar Kaka nan, ba ragi ba ƙari." Na ce masa kada ya kuskura. Tsohon nan ya yi sharaɗi a gaban shaida, in aka gane daga baya da wane ido zan dube su? Ya ce to, ya ji. Ashe jin kunne ne kawai, ya ajiye juyayyen hoton a gefe guda bai goge ba. Shi dama tun da ya aure ni Kaka yake kiransa ɓarawo, wai ya sace masa mata, shi kuma kullum neman hanyar da zai wanke kansa yake yi.

Ranar da muka isa Kalgo an aika Gwandu an ɗauko shaida. Bayan la'asar aka hallara a kan dandamali, har da maƙwabta da ba wanda ya gayyace su. Ni na rasa ta inda zan fara, sai na shiga ba da labarin tsohuwa mai shanya don in ja lokaci. Kaka ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya gane ta, ita ce mai rashin jin cikinsu. Ina cikin haka ban ankara ba maigidana ya zaro waya ya miƙa wa Baffa. Da na leƙa na ga abin da ya buɗe, sai na ji kamar in nutse. Na harare shi, ya ɗauke kai yana kallon randa.

Baffa ya dubi hoton, ya sauka kan hanya ya dubi gini, ya sake duban hoton. Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ikon Allah." Kakan Gwandu ya fizge wayar, ya kai ta kusa da hanci, ya miƙe tsaye da ƙyar yana buga ƙirji. "Mi nic ce maku? Taga ga dama, tanki ga dama! Ni da ban taɓa wuce Jega ba! A kawo mani goro!" Maƙwabta suka ɗauki sowa. Ni dai na ƙudurta a raina in an watse zan sami Baffa in gaya masa gaskiya, sai dai yadda zan iya furtawa ne ban sani ba.

Daga ƙarshe wayar ta iso hannun Kaka. Ya goge idonsa da bakin riga, ya riƙe ta da hannu biyu. Bai daɗe yana kallo ba ya ɗago kai ya nemi maigidana da ido.

"Kai ɓarawo. Mi kay yi ma tashata?"

Maigidana ya ce, "Ni, Kaka? Hoto ne kawai."

"Satar mata ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da juya gini? Tankin ga gabas yake tun kahin a haihi ubanka. Mai da mani abina yadda yake."

Aka fashe da dariya gaba ɗaya. Maigidana ya yi sauri ya buɗe hoton gaskiya ya miƙa. Ni kuwa na sami bakin magana, na ce ai sai da na hana shi, ɓarawo dai ba ya jin magana.

Kaka bai bi ta kanmu ba. Ya sunkuya a kan wayar. Na matsa kusa na nuna masa yadda ake buɗa hoto da yatsu, ya riƙa bi a hankali yana kiran kowane abu. Nan yake tsayawa da tuta. Nan suke sallah. Mangwaron nan shi ya dasa na tsakiya, da ruwan tanki ya rene shi. Da ya zo kan rufin da iska ta yaye sai ya sa babban yatsa yana shafa wurin. Da ya ga ciyawar da ta rufe layi sai ya yi saurin wucewa.

Kakan Gwandu ne ya kasa haƙuri. Ya leƙa, ya ga taga a hagu, ya ce, "A'a! Kai da bakinka kac ce mani taga ga hannun dama!"

Kaka ya ce, "Hakanan na. Amma ni duk zamana wurin ga, baya nika ba gini, huskata ga layi, don jirgi nika jira. Haka nis san ta, haka nik kwatanta maka. Kai ko magini, bango kaka ba huska. Kag gina ta ta inda kaka tsayi."

"To don mi ba ka hwaɗi ba tun ran da kad dawo?"

"Na iske ka hannuwa dut sun tsage, ka rame, kana tsaye garka kana washe baki awa wanda yag gina Makka. In ce maka mi? Kuma in na hwaɗi, mutanen Kalgo su samu abin dariya biyu maimakon guda?"

Aka sake kwashewa da dariya. Kakan Gwandu ya zauna yana ƙunƙuni, wai an bar shi shekara da shekaru yana cika baki a kasuwa a kan gini juyayye. Kaka ya juya wurin Baffa ya ce, "Na sha kaye. Akwai bambanci, kowa ya gani. Ka kawo digarka."

Baffa bai yi murna ba. Ya dubi ubansa ya ce, "Baba, kai da kas san da bambancin tun hwarko, don mi ka aza sharaɗin da kas san ba ka ci?"

Kaka ya kife wayar a kan cinyarsa. Ya ce, "Na aza in an ce a tahi a gano, za a tahi da ni."

Baffa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ai da ka hwaɗi kana son zuwa."

"Na hwaɗi. Shekara nawa ina hwaɗi? Kullum nit taso da zancenta, dariya kuka yi, ku ƙarasa mani. Ni kuma ban iya roƙon ɗiyana ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayin mutum haka ba. Tsohon nan ya yarda ya rasa inuwar da yake zama, ginin da aka san shi da shi a gari, don kawai a sa shi a mota a kai shi ya ga wasu ɗakuna biyu da awaki ke kwana a ciki. Mu kuma da wayonmu muka aika waya a madadinsa. Na juya baya ina share ido da gefen mayafi. Baffa ya miƙe ya bi hanya. Muka ɗauka fushi ya yi, ashe tashar mota ya nufa neman direba.

A cikin makon aka yi tafiyar. Baffa ya ɗauki shatar mota, aka jera wa Kaka matasai a baya, Kakan Gwandu ya ce ko a kan rufin mota ne sai ya je ya ga abin da ya ja masa abin faɗa. Ni da maigidana muka bi su. Ƙafar da aka ce ba za ta iya tafiya ba, da muka isa sai da na riƙa cewa ya yi a hankali. Baffa ya tallafe shi ya hau dandamali. Bai shiga ɗakunan ba, bai ko tsaya kallon rufin ba. Ya taka zuwa bakin dandamalin, ya ba ginin baya, ya dogara sandarsa, ya zuba wa layin ido ta inda jirgi yake ɓullowa. Matan da ke shanya suka janye barkononsu suka ba shi wuri. Mun daɗe a haka, ba wanda ya ce masa a tafi.

Kakan Gwandu kuwa yana ta zagaya ginin yana ƙwanƙwasa dutse da sanda, yana auna kaurin bango da hannu. Da ya gama sai ya zo ya tsaya kusa da taubashinsa, shi ma ya ba ginin baya, ya waiga dama ya ga taga. Ya jinjina kai. Muka zaci zai amsa laifi, sai ya ce, "Aikin ya yi kyau, ban hana ba. Amma Baturen ga ya juya ta." Kaka ya yi ta dariya, har sai da Baffa ya riƙe shi.

A hanyar dawowa Kaka ya sake tuna wa Baffa cewa sharaɗi sharaɗi ne. Baffa ya ce ya ji, sai dai an ari digar ba a dawo da ita ba. Duk lokacin da tsohon ya tayar da zancen, amsar ke nan. Shaguna dai daga baya an fitar da guda biyu ta katangar gefe, ba su kai yadda Baffa ya so ba, ya haƙura da su haka. Kaka ya ƙara damina biyu a kan dandamalinsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da na lura kuma, bayan tafiyar nan bai cika ba da labarin tasha ba. Mu ne muka koma muna tambayarsa.

Abin da na koya a wannan lamari shi ne, in tsoho ya riƙa maimaita labari ɗaya har ka haddace, ba lallai mantuwa ce ta sa ba. Sau da yawa wani abu yake nema wanda girma ya hana shi roƙa, yana jira a sami mai hankalin da zai gane. Wasa da kakanni abu ne mai daɗi, har gobe ina yi, amma dariya takan rufe wa mutum kunne. Yanzu surukata tana zaune tare da mu, kuma ba a kwana biyu ba ta ɗauko zancen garinsu Dalijan ba, da rijiyar ƙofar gidansu, da ƙawarta da ta rage a can. Yarana sun fara riga ta ƙarasawa suna dariya. Rannan na tsawata musu, na zauna kusa da ita na bari ta kai ƙarshe da kanta. Da ta gama na ce, "Inna, ranar Juma'a ko Asabar, wacce ta fi miki mu tafi can?"